Jan Zane a Gonar Masara

Suwaibatu na sauke kwaryar fura a bakin gona ta ji ƙarar jirgi. Tun kafin kowa ya ɗaga kai ta gane ta, don ta taɓa zama a barikin sojojin sama wurin yayarta Mansura, wadda mijinta ke gyaran jirage. A can, in jirgi ya tashi, yara tafi suke yi, matan matuƙa kuma su yi shiru a bakin famfo har sai ya dawo.

Nan kuwa bayan garin Ruwan Godiya ne, daf da daji. Gayyar karyar masara ake yi a gonar surukinta, Baba Ɗanhausa. Saboda 'yan bindiga, ba mai zuwa gona shi kaɗai. Maza sun zo a tare, sun jera baburansu a ƙarƙashin ɗorawa, wasu da bindigar toka a kafaɗa.

Jirgin ya wuce, ya karkato, ya dawo ƙasa-ƙasa.

"Ku shige inuwa!" wani ya yi ihu. Maza suka watsar da buhuna, suka ruga wajen baburan. Mijinta Ubale yana cikinsu.

Ta tuna abin da mijin Mansura ya taɓa faɗa suna cin tuwo: daga sama ba a ganin fuska. Babura a tare, maza da bindiga suna ɓuya a gindin itace, haka mutanen daji suke yi.

Suwaibatu ba mai magana a gaban maza ba ce. Ko gaisar da surukinta sai ta sunkuyar da kai.

"Baba," ta ce da ƙyar. "Baba, su fito fili."

"Mi kika ce, ɗiyata?"

"In suka taru wajen babura, za a ɗauka ɓarayi ne."

"Fili? Ki ce mu miƙa mashi kawunanmu?" in ji Bilya, ƙanen mijinta, yana maƙale da jikin itace.

Jirgin ya sake juyowa. Ba lokacin bayani. Ta kwance jan zanen da ta naɗe ta yi gammo da shi, ta shiga tsakiyar gona inda aka riga aka kwantar da kara. Ta ɗaga zanen sama da hannu biyu tana kaɗawa.

"Maman Najiba, dawo!" Ubale ya kira ta.

Ba ta juya ba. Esther, maƙwabciyarsu da suka kawo abinci tare, ta ce, "Wayyo Allah, wagga mata za ta kashe ni," sannan ta ɗora kwanon dambu a ka ta biyo ta. Sauran matan suka fito ɗaya bayan ɗaya. Baba Ɗanhausa ya dube su, ya ɗauki buhu, ya taka zuwa fili ya fara tsintar masara. Ubale ya ajiye bindigarsa a ƙasa ya bi mahaifinsa.

Ƙarar ta cika kunnuwa, inuwar jirgin ta ratsa kansu. Suwaibatu ta rufe ido tana salati, hannayenta a sama. Ta tuna matan bakin famfo. Wata a cikinsu tana jiran matuƙin wannan jirgin.

Da ta buɗe ido, jirgin ya zama ɗigo a gabas.

Bilya ya fito yana karkaɗe wando. "Ni dama gadin babura nike yi."

Aka yi 'yar dariya, ta mutu da wuri. Ubale ya karɓi zanen daga hannunta, don yatsunta sun ƙi sakinsa.

"Alhamdulillahi, ya tafi," ta ce.

Baba Ɗanhausa ya juya. Idonsa na kan bakin dajin, inda ko tsuntsu ba ya kuka.

"Ya tafi," ya ce a hankali. "Su ma na cikin dajin sun ji ya tafi. Ku ɗaure buhunan nan."

Suwaibatu ta ɗaga kai tana neman ɗigon a sama.