Muryar Baba a Wayar Munawara

Ranar Alhamis ruwa ya ɗauke da la'asar, kafin magariba sararin Bawku ya wanke tas. Mutawakil ya kinkimo madubinsa na hangen nesa, wani tsoho da ya samo wurin masu gwanjo, ya kafa shi a tsakar gida. Rabin wata na tsaye saman bishiyar darbejiya.

"Yaya, ara mini wayarki. Tawa ba ta gani."

Munawara, yayarsa mai sayar da masara a kasuwa, ta miƙo ba tare da ta ɗago daga tukunya ba. "Malamin wata! Makaranta ta gagare ka, sai sama."

Shi dai ya san abin da yake so. Hoto ɗaya ba ya fita, domin iska tana sa wata rawa a cikin madubi. Sai an ɗauki bidiyo, wata manhaja ta tsince hotuna masu kyau daga ciki kamar ana tsintar tsakuwa a shinkafa, ta ɗora su kan juna har dishi-dishin ya gushe. Amma bidiyo akwai cin wuri.

Yana ɗaure wayar a bakin madubi ta ce ta cika. Daga gabas kuma wani hadari na tasowa. Ya shiga ma'ajiyar wayar da sauri, ya ga saƙonnin murya sun cinye wuri. Surutun masu ciniki ne, ya ce a ransa, buhu nawa, mota ta iso ko ba ta iso ba. Ya danna, ya share duka. Ya ɗauki bidiyo, ya sake, ya sake, har hadarin ya rufe watan.

Da safe manhajar ta gama aikinta. Ramukan wata suka fito ɗaya-ɗaya, kowanne da inuwarsa. Bai taɓa yin abu mai kyau haka ba. Yana cikin kallo ya ji muryar mahaifiyarsu daga ɗaki.

"Munawara, yau Juma'a. In kin dawo kasuwa ki kunna mini Babanku."

Baba, wanda ya rasu bara, bai iya rubutu a waya ba. Duk inda fataucin doya ya kai shi, murya yake aikowa, kuma Munawara yake aiko wa don ita ce mai babbar waya. Kowace Juma'a Mma takan zauna a kan tabarma ta saurara.

Ya ce wa yayarsa bai gama kwashe hotunansa ba, ya ɗauki wayar ya nufi shagon Mashud mai gyara, kusa da tashar motocin Garu.

Ya gaya masa saƙonnin marigayi Babansu ne ya share. Mashud ya jona ta da kwamfuta, ya daɗe yana kallo. "Bayan ka share, ka sa wani abu a ciki?"

"Bidiyo."

"Babba?"

"Har wayar ta sake cika."

Mashud ya zare wayar ya ajiye a gabansa. "Da ka bar ta haka, da na gwada. Amma ka zuba sabo a kan tsoho. Wayar marigayin fa?"

"Da ta farko ya faɗa rafi a hanyar Salaga, tun kafin ya kwanta ciwo. Ta ƙarshe kuma an sayar."

"To, sai haƙuri, ɗan'uwa."

Bai koma gida ba. Ya yi Juma'a a wani masallaci nesa da unguwarsu, ya zaga kasuwar shanu ba abin da ya kai shi. Sai bayan la'asar ya shigo. Mma na kan tabarma, Munawara ta miƙo hannu.

Ta buɗe, ta laluba, ta sake lalubawa. "Kai, wannan waya! Tun makon jiya take hauka. Mma, ina jin ta cinye su."

Ga ƙofa an buɗe masa. Shiru kawai zai yi, laifi ya koma kan waya. Ya dubi Mma, ya ga har ta gyara mayafi kamar yadda take yi in Baba zai yi magana.

"Ba waya ba ce," ya ce. "Ni na share. Wuri nake nema."

Munawara ta miƙe tsaye. "Wurin me? Don Allah wurin me?"

Ya nuna musu hoton watan. Mma ta karɓa, ta kai kusa da ido, ta daɗe.

"Ya yi kyau," ta ce. Ta miƙa wa Munawara wayar. "Duba da kyau. Ko ɗaya bai rage ba?"

Babu ko ɗaya. Munawara ta zauna, ta shiga lissafa wa uwar waɗanda suka salwanta da yatsu. Wanda ya aiko daga Yendi yana faɗa a kan direban da ya jiƙa masa doya. Biyu daga Salaga, ranar da mota ta lalace. Na barka da Sallah guda huɗu. Wanda yake wa jikarsa Nadiya waƙa yana tari yana dariya. Da na asibiti guda uku, har da wanda ya ce a gaya wa Mutawakil ya kula da uwarsa.