Hancin Gonar Ravat

Shekara tara ke nan hancin Anselme Ravat ya mutu, kuma duk unguwar masu furanni ta bayan garin Lyon babu wanda ya sani sai matarsa Eulalie. Tabar shaƙa ce ta kashe shi. Mutumin da ake tasowa daga Paris a sayi dashen wardinsa saboda ƙamshi, ko albasa aka soya a gabansa sai dai ido ya gaya masa. Idan maganar ta fita, sunansa ya zube.

A bana ga shi da abin kai wa gasa. Shekara shida da suka wuce ya ɗebo garin fure da ɗan buroshi daga wani wardi mai ƙamshin shayi, ya shafa wa wani ja mai jure sanyi. Cikin tsiro dubu uku, biyu kacal suka tsira daga wuƙarsa, dukansu ruwan hoda. Ɗaya miƙaƙƙe ne, ƙayarsa kaɗan. Ɗayan kuwa ƙaya kamar ƙusa, ruwan sama na taɓa shi ya sunkuyar da kai, amma tun watan Mayu yake fure har sanyi ya sauka. Eulalie ta taɓa ce masa ɗaya na ƙamshi, ɗaya kuwa ko ganyen kabeji ya fi shi. Wanne ne? Ai ya bari sai gasa ta matso ya tambaya.

Sai ga shi ran Laraba ta tsinci katakon sunan da zai rataya wa sabon wardin a aljihunsa, an rubuta Madam Perrachon, matar mai kantin magani. Wardi goma sha huɗu ya fitar a rayuwarsa, dukansu da sunan matan mutane, babu ko ɗaya da nata. Daga ranar ta kulle bakinta, kuma wallahi da gaskiyarta.

Anselme ya bi ƙudan zuma, 'yan banzan suka sauka a kan duka biyun. Ya gayyato fada na cocinsu da dabara, fada ya shinshina ya ce duka halittar Ubangiji ne, ya nemi kofi. Ran Asabar dole ya lallaɓa madafi, hula a hannu.

"Uwargida, taimaka min. Wanne ne?"

"Je ka tambayi matar mai magani mana, tsoho. Ko ita ma hancin nata na ado ne?"

Ya goge katakon, ya rubuta sunanta, ya nuna mata. Ta ce madalla, to ya rataya shi a wanda ya ga dama, ita dai ba ta ce komai ba. Ya zaga ya zaga, ƙarshe ya rataya wa mai ƙayar, don a ransa shi yake so.

Ran Lahadi babban alƙalin gasa, mai gashin baki kamar tsintsiya, ya cusa hanci cikin furen ya rufe ido. Ya daɗe. Anselme ya kasa gane ko daɗi ne ko neman ƙamshin ake yi, gumi na bin wuyansa. Can alƙali ya ɗago ya ce ya shekara talatin bai ji irin wannan ba, Malam Ravat ya bayyana wa jama'a abin da shi yake ji a ciki.

Anselme ya waiwayi Eulalie. Tana gyara safar hannunta, ko kallonsa ba ta yi ba. Kunya ta kama shi, ba ta hancin ba ma, ta shekarun da ya yi yana karɓar yabon da hancinta ya jawo masa.

"Ranka ya daɗe, ban san ƙamshinsa ba," in ji shi. "Shekara tara ba na jin komai. Ga hancin gonar nan tsaye, ita za ka tambaya."

Eulalie ta matso, idonta ya ciko, ta ce shayi ne sabon buɗewa da ɗan lemo a ƙarshe. Sannan ta roƙi alƙali ya janye gashin bakinsa daga jikin furenta.