Kwandon Tumatir a Watan Agusta

Murja ce ta zo ta biyu a duk ƙaramar hukumar Bunkure a jarrabawar shiga makarantar kimiyya ta 'yan mata, shekarar 2006. Ni ne ubanta. Sunana Isiyaku, manomi ne ni a bakin kanal ɗin ruwan noman rani, karatuna kuma a aji shida na firamare ya tsaya. Tun ranar da shugaban makarantarsu, Malam Suhaibu, ya tako har gona ya gaya mini sakamakon, hankalina bai sake kwanciya ba. Makarantar ta kwana ce. Ana son katifa da akwati da bokiti da littattafai da wasu abubuwan da ban ma san sunansu ba, ga shinkafata kuwa kore shar, da sauran wata biyu kafin a sa mata lauje.

Malam Suhaibu ya ce kada in damu. Akwai wata gidauniya a Kano, Gidauniyar Fitilar Ilimi, da take ɗaukar nauyin 'yan mata goma duk shekara har su gama. Ya riga ya miƙa sunan Murja, kuma za su turo mutum.

Na zaci malami za su turo ya gwada ƙwaƙwalwarta. Sai ga wata farar mota ranar Talata, wani saurayi ya fito da takalmi mai tsini da kyamara rataye a wuya, yana ƙamshin turare kamar za shi ɗaurin aure. Ya ce sunansa Jamaluddeen, shi ne jami'in yaɗa labarai na gidauniyar. Aikinsa shi ne rubuta labarin yaran a mujallar shekara da kalanda, a aika wa masu bayar da taimako a Legas da Abuja da ƙasashen Turai, su ga inda alherinsu ya sauka. Yana ce mini Baba, alhali ban girme shi da fiye da shekara goma ba. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya dube ta, ya ciro hankici ya ɗora kafin ya zauna.

Ya buɗe littafinsa ya tambaye ni yaushe Murja ta bar makaranta. Na ce ba ta taɓa bari ba. Ya ce to aikin gona fa? Na ce tana kawo mini abinci ranar Asabar, wani lokaci ta zauna a kan kunya da littafinta har in gama ci. Ya ce ni ban taɓa nuna ƙin karatun boko ba, ko da a farko? Na gaya masa shekarar da gadar kanal ta karye, wata huɗu ina ɗaukarta a keke in zagaya da ita ta wajen Kadawa don kada ta rasa aji. Ina faɗa ina jin daɗi, don a zatona abin da suke nema ke nan.

Ya rufe littafin, ya mayar wa biro murfinsa.

"Baba, ai wannan ba labari ba ne," in ji shi.

Na ce shi ne abin da ya faru.

Ya yi mini bayani a hankali, irin yadda ake yi wa kurma. Ya ce masu taimako mutane ne masu tausayi, amma ba su da lokaci. Suna so su ga duhu a shafi na farko, su ga haske a na biyu. Yarinyar da ubanta yake kai ta makaranta a keke, me za a cece ta daga gare shi? Sannan ya duba agogonsa ya ce sunayen da ke ofishinsu sun fi ɗari uku.

"Ni dai ba na so a ce fayil ɗinta ya koma can ƙasa," ya ce. "Gobe zan dawo. Ka yi tunani."

Bai ce idan na ƙi za a cire ta ba. Na sha juya maganarsa a raina daga baya, kuma gaskiya bai faɗa ba. Ya dai ajiye ta inda zan yi tuntuɓe da ita.

Washegari ya dawo da kwando a bayan mota. Ya ce in kai shi gonar tumatir. Na ce masa a watan Agusta muke, babu tumatir a ƙasar nan yanzu. Sai ruwa ya ɗauke ake dashe, a tsinka lokacin sanyi. Ya ce shi ya karanta cewa nan ne gidan tumatir. Na ce gaskiya ne, ya dawo a watan Fabrairu zai gani har ya gaji. Ya ce mujalla za ta tafi ɗab'i a Satumba, shi ya sa ma ya taho da nasa daga kasuwar 'Yankaba, ko da za a samu matsala. Na leƙa kwandon. 'Yan ƙananan tumatir ne na damina, masu ruwa, an jera su layi biyu a sama. Ƙasan kuwa an cusa tsofaffin mujallun gidauniyar na bara don ya cika.

Muka tafi gonata. Shinkafa ta kai gwiwa, ruwa kwance a cikinta. Jamaluddeen ya tsaya a kan kunya yana ɗage ƙafar wando, ya duba ta cikin kyamara ya ce ya yi, kore ai kore ne, waɗanda za su gani ba su san bambanci ba.

Murja ta biyo mu sanye da kayan makarantarta a goge, don uwarta Kubra ta kwana biyu tana shirin zuwan baƙi. Ya ce a'a, wannan sai hoto na biyu. Ya sa aka aro wani koɗaɗɗen zane a maƙwabta, wanda ake ɗaurawa in za a yi surfe. Ya ce ta cire takalmi ta shiga ruwan. Direbansa ya ɗora mata kwandon a ka. Duk wanda ya taɓa ganin kwandon tumatir na gaske ya san maza biyu ne suke ɗaga shi su ɗora a mota suna nishi. Ita tana riƙe da nata da hannu ɗaya.

Jaji, wanda gonarsa ke jikin tawa, ya bar cirar ciyawa ya taho ya tsaya yana kallo.

"Isiyaku, wace irin shinkafa ka shuka bana da take 'ya'yan tumatir?" ya ce. "Don Allah a sam mana iri."

Jamaluddeen ya roƙe shi ya matsa, yana shiga hoto. Jaji ya ce a ɗauke shi ma mana, shi ma ubansa bai sa shi a makaranta ba, kuma nasa gaskiya ne. Ba wanda ya kula shi.

An ɗauki hoto ya fi talatin. Kada ta yi murmushi. Ta dubi ƙasa. Ta dubi nesa kamar tana tunanin wani abu. Ta ɗan karkata wuya kamar kwandon ya yi nauyi. Daga nan muka koma gida, ta wanke ƙafa, ta sa kayan makarantar da ta shekara uku tana sawa, aka ba ta wani sabon littafi ta rungume, aka ce yanzu ta yi dariya. Da aka gama ya karɓi littafinsa ya mayar jaka.

Sai ya ciro takarda ya ce in sa hannu, amincewa ce kawai. Da Turanci take. Na bi ta da yatsa, na gane kalmar uba, na gane kalmar gona, na gane kalmar ƙi. Na miƙa wa Murja na ce ta karanta mini da Hausa. Jamaluddeen ya ce ba sai an wahalar da ita ba, zai taƙaita mini. Na ce ai don haka na sa ta a makaranta.

Ta karanta ba tare da ta ɗago kai ba. An rubuta cewa mahaifinta ya cire ta daga makaranta tana shekara goma sha ɗaya, don ta riƙa ɗaukar kwandon tumatir daga safe zuwa yamma. Cewa tana karatu a ɓoye. Cewa ma'aikatan gidauniya sun yi ta zuwa suna wayar masa da kai har Allah ya sa ya gane. Da na lura da takardar, bugun na'ura ce. Tun a Kano aka rubuta ta, sunanta kawai aka cika da biro.

"Baba, kada ka sa hannu," ta ce.

Jamaluddeen yana danna wayarsa, bai dube mu ba. Na tuna fayil ɗari uku. Na tuna yadda take zama da lissafi har abinci ya huce. Na karɓi biron na rubuta sunana, harafi bayan harafi, don ba na son a ce dangwale na yi.

A watan Oktoba takarda ta zo, an ɗauke ta. Suka aiko da katifa da akwati da komai, ban ga abin da suka rage ba, wannan kam zan faɗa. Na kai ta tashar Kura da kaina.

Kalandar ta iso a Janairu. Ni na ɗauka Turai za a kai ta. Ashe an buga ta Hausa ma, aka raba wa makarantu da sakatariya da asibiti, har mai shayin bakin kasuwar Bunkure ya samu ya rataya. Murja ce a shafin watan Maris, tsaye cikin shinkafa da tumatir a ka, sunana cikakke a ƙasa. Mutanen garinmu dariya suka yi ta yi, don sun san ni sun san gona. Amma ba iya garinmu kalandar ta tsaya ba. Yayan Kubra ya bugo daga Zariya yana tambayarta me ya sa ta ɓoye masa irin zaman da take yi da ni. Wani dillalin shinkafa da muka shekara takwas muna hulɗa ya kama hannuna a kasuwa ya ce Allah ya ƙara shirya mu gaba ɗaya. Wannan ya fi dariyar ciwo.

Na je na sami Malam Suhaibu a ofishinsa ina ƙorafi. Ya jawo aljihun tebur ya ciro kwafin takardar ɗaukar Murja, ya nuna mini kwanan watan da ke sama. Ashirin da huɗu ga Yuli. Mako uku kafin Jamaluddeen ya taka garinmu. Ya ce shi ma sai da ya je Kano karɓo takardun ya gane. Wani ofishi daban ne yake zaɓen yaran, da makin jarrabawa kawai, kuma wata dattijuwa ce take riƙe da shi. Jamaluddeen ko maɓallin ɗakin ba shi da shi. Nasa hoto ne da rubutu.

Na ce me ya sa bai gaya mini ba tun Oktoba. Ya ce me zai gyara?

Ana cikin haka aka kawo mini goron gayyata. Gidauniyar za ta yi taron wayar da kan iyaye a sakatariyar Bunkure, kuma ana so in tashi in yi magana a matsayin uban da ya gane kuskurensa. Jamaluddeen ne ya sa hannu. Ya haɗo da abin da zan faɗa, shafi ɗaya, da manyan haruffa saboda irina.

Murja ta zo hutu a makon. Ta rame kaɗan, Turancinta ya ƙaru. Ta ce 'yan ajinsu suna kiranta Mai Kwando, wata malama kuma ta kira ta gefe ta ce in na sake matsa mata ta zo ta faɗa. Da yamma bayan la'asar ta same ni a zaure ina gyara fartanya, ta miƙo mini wasiƙa shafi biyu. Ta rubuta wa shugaban gidauniyar duk abin da ya faru, da keken, da zanen aro, da kwanan watan. Ta ce in sa hannu a ƙasan nata, gobe ta kai gidan waya a Kura.

Na karɓi takardar na duba. Rubutunta mai kyau ne, a tsaye, ba gogewa ko ɗaya.

Na ce mata saura shekara biyu da rabi.

Ta ce ba za su iya cire ta ba, da makinta ta shiga, Malam Suhaibu ma ya faɗa.

Na ce haka ne. Amma ban san wane ne abokin wane a gidauniyar nan ba. Ban san wa yake buɗe wasiƙu ba. Mutumin da zai iya cusa mujalla a kwando ya kira shi tumatir, ban san iyakar abin da zai iya cusawa a fayil ba. Su suna da ofis da mota da injin buga takarda, ni kuma 'ya ɗaya gare ni a makarantar kimiyya.

"To har taron ma za ka je?" ta ce.

Na ce zan je.

"Ka tsaya gaban mutane ka ce ka cire ni daga makaranta?"

Na ce zan karanta abin da aka rubuta, da kyar ma nake karatu, kowa zai ga karantawa nake yi.

Ta miƙo hannu ta karɓi wasiƙarta, ta ninke ta huɗu. Ta ce za ta ajiye, ranar da ta rubuta jarrabawa ta ƙarshe a makarantar za ta aika, ko na sa hannu ko ban sa ba. Na ce ranar ni zan kai ta gidan wayar. Ta shige ciki, na ji uwarta tana tambayarta abin da ya faru.

Taron ranar Alhamis ne da ƙarfe goma. Na ce wa Kubra ta wanke mini farar rigata.