Hoton Dakta Babba a Bakin Laburare

A jami'ar akwai daktoci biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, sai mutane suka hutar da bakinsu, suna ce wa wan Dakta Babba, ƙanen kuma Dakta Ƙarami. Babba ne ya kama hannun Ƙarami ya kai shi makaranta tun majina na masa zuba, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da wannan ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Abin ya faro ne da aka kawo wa laburare sabuwar shugaba, mace mai tabarau da saurin tafiya. Ta zo da tsarinta: duk binciken da malami ya rubuta, a sauke shi daga kantar littattafai a ɗora a intanet, kowa a duniya ya karanta kyauta. Sannan ta kafa wani ƙaton allo mai haske a bakin ƙofa, daidai inda a da ake rataye jaridu. Allon na kawo labarai duk yini, ran Litinin kuma ya nuna hoton malamin da aka fi buɗe aikinsa a makon, da taswirar duniya a gefe.

Ƙarami ya miƙa nasa binciken kan ruwan rijiya tun ranar farko. Babba kuwa, da shugabar ta same shi a ofis kan kundinsa na ƙwarin da ke cin hatsi a rumbu, ko kujera bai nuna mata ba.

"Hajiya, ilimi ba rafi ba ne da kowace akuya za ta sa baki. Nawa yana kabad, a kulle. Mai so ya zo ya gaishe ni tukuna."

Ba a daɗe ba fuskar Ƙarami ta hau allo. Mako ya juyo, ta sake hawa. Babba ya tsaya yana kallon murmushin nan, haƙora a waje, har da wushiryar da ya sani tun suna yara. Taswirar gefe cike take da jajayen ɗigo kamar mai ƙyanda, amma shi bai kula ta ba, ya ɗauka ado ne. Daga ranar ya koma shiga laburare ta ƙofar baya, wajen da ake tara tsofaffin kwalaye.

Duk wannan da sauƙi. Ran Asabar suka haɗu gidan tsohuwarsu kamar yadda suka saba, sai matar Ƙarami ta zaro waya ta nuna mata hoton. Inna ta kai wayar har bakin hancinta, ta jima tana sa albarka. Sannan ta juyo.

"Kai fa, Babba? Ko naka allon daban yake?"

Ba da wata manufa ta faɗa ba. Amma da ta ɗauki muciya ta kwaɗa masa, da ya fi jin daɗi.

"Nawa na nan tafe, Inna," in ji shi.

Ƙarami ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota.

Litinin da sassafe Babba ya kai kundin da hannunsa, ya dire a teburin shugabar.

"Ku sa shi. An dame ni da roƙo."

Ba ta tambaye shi masu roƙon ba. Ta fara yi masa bayani: "Dakta, in an ɗora, na'urar tana ƙirga duk wanda ya buɗe, tana kuma nuna..."

"Hajiya, ina koyarwa tun kina firamare."

Ta karɓi kundin.

Aka ɗora. Babba ya zauna jiran duniya, duniya kuwa tana can tana harkar gabanta. In ya duba da safe, lambar da ke ƙarƙashin sunansa tana nan kamar an dasa ta. In ya leƙa ta Ƙarami, sai ya ga ta ƙara ƙiba. Yana cikin wannan leƙe-leƙen ya lura da wani abu: duk sa'ad da ya buɗe nasa kundin, lambar takan motsa da ɗaya. Ya rufe, ya sake buɗewa. Ta motsa. Ya waiga, ba kowa a ofis sai fanka.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafin mako ya raba, yatsansa ya fara tsami. A gida ya haɗa da wayar matarsa.

"Malam, wai me kake nema a wayata tun ɗazu? Miya na kan wuta, ina son kiran yayata."

"Aiki nake."

Ta leƙo ta kafaɗarsa. "Wannan ba littafinka na ƙwari ba ne? Kai ka rubuta, kai kake karantawa? Ko ka manta ƙarshen labarin?"

"Ke dai je ki ga miyarki."

"To Allah ya ba ƙwari lafiya," ta ce, ta fizge wayarta.

Da ya ga hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai ya shiga aji ya ba ɗalibai aiki: kowa ya buɗe kundin safe da yamma, kuma a rufe a sake buɗewa, don wai karatu sai da maimaici. Ɗalibai suka kalli juna. Wanda zai ba ka maki ba a yi masa gardama.

Ran Juma'a shugabar laburare ta tare shi a matakala.

"Dakta, ina son magana da kai kan lambar nan taka. Na'urar ce ke zaɓar wanda zai hau allo, ba ni ba, kuma taswirar..."

Nan take zuciyarsa ta raya masa cewa Ƙarami ne ya turo ta.

"Da ƙanena ke hawa, kin tare shi a matakala? Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. A bar na'ura ta yi aikinta."

Ta gyara tabarau. "Shi ke nan, Dakta."

Litinin ya sa babbar riga, ya fesa turare, ya biyo ta ƙofar gaba. Tun daga nesa ya hango cincirindo, zuciyarsa ta yi fari. Ga shi nan kuwa a allo, fuska a murtuke, hula ta zauna daidai. Sai dai jama'ar ba hoton suke kallo ba. Taswirar suke nunawa da yatsa. Duniya fes take, ba ɗigo ko na magani, in ban da guda ɗaya, ja wur, ƙato kamar maruru, zaune daram a kan garinsu.

Wani malamin lissafi, abokin wasansa, ya hango shi.

"Ranka ya daɗe, barka! Ashe duniya ta taso kacokan ta tare a unguwarku? Ina kuka sauke baƙin?"

Sai a lokacin Babba ya gane aikin ɗigon: kowane ɗaya yana nuna inda mai karatu yake zaune. Ɗalibansa na gefe suna cizon leɓe, wata ta toshe baki da littafi, kafaɗunta na rawa. Ya so ya naɗe tabarmar kunya da hauka, amma tabarmar ta ƙi naɗuwa. Ya juya, rigar na masa nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo.

Allon kuwa ba ya sauya hoto sai wata Litinin.

Ran Asabar ya so ya ce zazzaɓi yake, matarsa ta ce in bai je ba Inna da kanta za ta zo dubiya. Ya isa a makare. Ya tarar da tsohuwa riƙe da wayar Ƙarami, fuskarta kamar an yi mata albishir da Makka.

"Ga shi nan! Babba, zo ka ga kanka. Ai na ce ba za a sa ƙaramin a bar babban ba."

Ya karɓa ya duba. Hotonsa ne a allo, da sunansa, da lambar. Taswirar ce kawai babu. Wanda ya ɗauka ya karkata wayar yadda gefen bai shigo ba.

"Ni na ɗauko mata," in ji Ƙarami, idonsa a kan tabarma. "Ai Yaya ne. Mu duk bayansa muke bi."

Inna ta dafa kan Babba ta yi ta addu'a, shi kuwa yana durƙushe, kowace amin tana fita kamar ana zare masa ƙaya.

Da suka fito, Ƙarami ya riga shi zuwa mota ya buɗe masa ƙofa. Babba ya tsaya yana kallonsa. Da dariya ya gani a fuskar nan, ko ɗan murmushin mugunta, da ya samu abin kamawa. Bai ga komai ba sai ladabi.

"Wa ya sa ka?"

"Yaya, ba komai ba ne fa."

"Na ce wa ya sa ka?" in ji Babba. "Allon bai ishe ka ba? Har a kirki ma sai ka fi ni?"

Ya ture hannun ƙanen daga ƙofar, ya rufe ta da kansa.