Kujerar Gindin Fanka

Duk ranar Laraba da hantsi, ƙungiyar masu cututtukan da ba a cika samu ba takan zauna a wani ɗaki da ke bayan asibiti. Su tara ne, fanka ɗaya. Shi ya sa suka kafa doka: wanda ciwonsa ya fi ƙarancin mutane a duniya shi ke zama gindin fanka, sauran su jeru har bakin ƙofa. Ɗan Adam da son girma, ko a ciwo ma sai ya nemi sahun gaba.

Shekara biyu Anti Tela na kan kujerar farko. Ciwonta shi likitoci ke ce wa Em Es, mai cin rufin jijiyoyi. In zafi ya taso, ƙafarta ta dama sai ta ƙi taka keken ɗinki, idonta ya yi dishi-dishi. Ranar da ta fara zuwa aka tambaye ta su nawa ne masu irin ciwonta, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin na biyu ba. Iya saninta ke nan. A ɗakin nan ta samu mutanen da ba sa ce mata, "Ai ga ki garau."

Ƙanwarta mai aikin nas ce ta ɓallo ruwa, suna cikin yanka albasa.

"Yaya, ciwonki fa ba ya cikin masu wuyar samu. A duniya kun haura miliyan biyu."

"Miliyan me?"

"Biyu, har da ɗoriya. A wasu wuraren ne kawai ba a cika gano shi ba."

Kwana shida tana juya maganar. Ba fankar ce ta dame ta ba, tsoronta kada a ce ita ba 'yar ƙungiya ba ce gaba ɗaya. Ta so ta ja bakinta ta yi shiru, to amma ita mace ce da ko guntun yadi ya ragu sai ta mayar wa mai shi.

Da Laraba ta zagayo, ta dogara sandarta ta tsaya bakin ƙofa, ta ƙi ƙarasawa ciki.

"Hedimasta, ina da magana," ta ce wa shugabansu, wani tsohon malami da sunan ciwonsa ya fi shi tsawo. "Ashe ni ba 'yar nan ba ce. Mu miliyoyi ne."

Wani ɗan ƙungiyar, Mai Gyaran Agogo, ya sunkuyar da kai yana danne dariya.

"Wa ya tona?" in ji Hedimasta.

"Ƙanwata."

"Kai, ma'aikatan asibiti da baki! Anti, tun watanki na farko likita ya gaya mana. Haɗa baki muka yi kada ki ji."

"Saboda me?"

"Saboda mun san halinki. In kin ji, tafiya za ki yi." Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Zo ki zauna, ƙafarki na rawa."

Ta zauna a kujerarta ta gindin fanka, aka miƙo mata shayi. Daɗi ya kama ta har ta rasa faɗan da za ta yi musu, sai cewa ta yi shayin yau ba suga.