Sunan da Babu a Allon Millers

Karo na uku ke nan Verna Hrycan tana bin jerin sunayen da ɗan yatsa, daga sama har ƙasa, tabarau a kan karan hanci. Allon sabo ne fil, na katako mai sheƙi, ya cinye bangon ƙofar shiga filin ƙanƙara na garin Eldred gaba ɗaya. A samansa an rubuta: Millers, shekara hamsin. Ƙarƙashin kowace shekara akwai sunayen samarin da suka buga wa ƙungiyar hoki, wasan da ake kora faifan roba da sanda a kan ƙanƙara. Yatsanta ya tsaya a kan 1987, shekarar kofi, ya ƙi gaba.

"Murray!"

Murray Tollefson, shugaban kwamitin ƙungiyar, ya leƙo daga bayan tulin kujerun da ya rungumo, sanƙonsa na naso duk da sanyin wurin.

"Mama Verna, tun yanzu? Sai ƙarfe biyu fa za a fara bikin."

"Ajiye kujerun nan ka zo. Ina sunan Delbert?"

Ya ajiye su a hankali. Shekararsa hamsin da bakwai, shi ke da shagon kayan noma mafi girma a garin, amma idan ta kira shi da wannan murya sai ya koma yaron nan da ya yi shekara biyu yana kwana a ɗakin ƙasa na gidanta, yana satar cuku a firji. 'Yan wasan Millers yara ne 'yan sha shida zuwa ashirin, galibinsu daga nesa ake ɗauko su, a raba su gidajen mutanen gari. Verna da mijinta marigayi Orest sun riƙe hamsin da takwas.

"Mama, doka ce muka bi," in ji Murray. "Sai wanda ya ƙarasa kakar wasa. Delbert ya tafi a Janairu."

"Sau nawa ya zura faifai a raga kafin ya tafi?"

"Ashirin da huɗu."

"Kai fa, kyaftin? A shekarar gaba ɗaya?"

Murray ya sosa ƙeya. "Tara."

"Tara. Da taranka ne muka kai wasan kofi?"

"An riga an sassaƙa allon, Mama. Mai aikin yana can birni, yau kuma Asabar."

"To ku nemi wata tsohuwar ta sakar muku faifan farko na buɗe wasa. Ni dai ba zan taka ƙanƙarar nan ba."

Ta juya da sandarta ta wuce ciki.

Hanyar shiga wurin zaman 'yan kallo an jere ta da hotuna, kuma rabinsu daga akwatinta suka fito. Ga ma'aikatan kamfanin fulawa a 1974, da suka gina filin da hannunsu bayan tashi daga aiki, Orest na uku daga hagu, gashi har kafaɗa. Ga hunturun da dusar ƙanƙara ta rusa rufin, ƙungiyar ta yi wata biyu tana atisaye a kan kogi, mata na kai musu shayi a cikin bokiti. Ga shekarar da aka rufe kamfanin, wani babban birni ya so ya ɗauke ƙungiyar, manoma suka ware gona guda suka shuka mata alkama. Har yau ana noma gonar, motoci goma sha biyu a jere ranar girbi. Ga 1987, yara ɗauke da kofi, Murray a tsakiya babu haƙoran gaba biyu. Duk ta san su. Ta san wanda ba ya barci sai an bar masa fitila, da wanda ya yi kukan uwarsa har Kirsimeti.

Ta hau matakala a hankali ta zauna a kujerarta, layi na huɗu, lamba goma sha ɗaya. Babu kowa tukuna sai motar goge ƙanƙara tana zagaye, tana barin santsi mai walƙiya a bayanta.

Delbert Halkett ɗan ƙabilar Cree ne, 'yan asalin ƙasar tun kafin zuwan turawa, daga wani ƙauye na bakin tafki can arewa, tafiyar awa shida. Da koci ya kawo shi yana ɗan sha bakwai, gida uku aka tuntuɓa, duka uku suka ce ɗakunansu a cike suke. Verna ta ce a kawo mata shi. Ba shi da yawan magana. Kullum kafin ta tashi ya share mata dusar ƙofar gida, kuma bai taɓa zama cin abinci ba sai ya ga ta zauna.

A wani wasa na watan Janairu ya yi kuskure, faifai ya kuɓuce masa, baƙi suka ci. Sai wani ya miƙe a layi na biyar, daidai bayan kanta, ya kwarara ihu: ya koma daji inda ya fito, nan ba wurin irinsu ba ne. Wasu suka ɗauka da shewa suna buga baki da tafin hannu don yi wa ƙabilarsa ba'a. Mutanen gari ne, yaron kuma rigar garin ce a jikinsa. Mai ihun shi ne shugaban Orest a wurin aiki. Delbert ya ɗaga kai ya dubi layi na huɗu. Verna ta sunkuya tana kallon kofin shayin da ke hannunta.

Washegari ta tarar da jakarsa a bakin ƙofa. Ba ta roƙe shi ya zauna ba. Ta tayar da mota ta kai shi ƙauyensu da kanta. Tun daga ranar ba ta sake ganinsa ba, kuma shekara talatin da bakwai babu wanda ta faɗa wa cewa ya dube ta.

"An ce mini idan ba a gan ki a gida ba, a duba layi na huɗu."

Ta ɗago. Wani ƙaƙƙarfan mutum ne tsaye a kan matakala, furfura a kitse har baya, da ƙunshin takarda a hammata. Ba ta gane fuskar ba. Tsayuwar ta gane, kafaɗar hagu ƙasa-ƙasa, kamar mai jiran a ba shi izinin shiga.

"Delbert?"

"Ni ne, Mama. Na yi ƙiba ne kawai."

Ta yunƙura za ta tashi, gwiwa ta ƙi. Ya zo ya zauna kusa da ita, kujerar ta yi ƙara. Ta kama hannun rigarsa da hannu biyu ta riƙe.

"Murray ne ya rubuto mini," ya ce. "Wasiƙa uku. Ta ukun ma shafi huɗu ce. Ban san ya iya rubutu ba."

Dariya ta ƙwace mata tare da hawaye. Ya ɗora mata ƙunshin a cinya: bandar kifi ce, matarsa ta yi. Ya ce shi ne shugaban makarantar ƙauyensu yanzu, 'ya'ya biyar, jikoki uku, kuma shekara ashirin ke nan yana koya wa yara hoki a kan tafki.

"Ka ga allon?" ta tambaya.

"Na gani. Katako mai kyau."

"Babu sunanka."

"Na lura."

Ta cire tabarau ta goge da gefen rigar sanyi. "Delbert, ranar nan ka dube ni. Na san ka dube ni. Mutumin yana nan, bayan kaina, da na miƙa hannu zan taɓa shi. Ban juya ba. Tsoro na ji kada Orest ya rasa aiki. Kullum na zauna a kujerar nan sai na tuna."

Ya kalli motar da ke zagaye.

"Na dube ki," ya ce. "Kuma na ji haushinki, ba zan ɓoye ba. Har muka wuce rabin hanya ina jin haushinki. Amma kin tuna abin da ya faru da muka isa?"

"Na sauke ka na juyo."

"A'a. Kin shiga. Kakata ta fito tana zaton wani laifi na yi aka koro ni, har ta fara yi mini faɗa. Kika cire takalmi a bakin ƙofa, kika zauna a ƙasa kusa da murhu, kika ce in fassara mata. Kika ce: 'Yaronki bai yi komai ba. Mu ne ba mu iya riƙon baƙo ba.' Ni da bakina na juya maganar nan zuwa harshenmu, Mama. Sai da na faɗe ta da kaina sannan na yarda da ita."

Verna ta tuna murhun, ta tuna tsohuwar da ɗankwalinta mai furanni, ta tuna miyar da aka zuba mata. Maganar ce ba ta tuna ba.

"Ni na faɗi haka?"

"Ke kika faɗa. Kakata ta yi ta maimaita ta har ta rasu. Duk wanda ya ce turawan kudu duk ɗaya ne, sai ta ce ban da matar nan da ta yi awa shida a kan ƙanƙara don ta zo ta ba ta haƙuri. Da na koma gida ina ganin laifina ne, da na jefa takalman wasa a tafki. Yara sun fi ɗari biyu da suka koyi wasan nan a hannuna. Godiya na zo yi miki, tun da daɗewa ya kamata."

Ta rufe fuska da tafin hannu. Ya bar ta ta gama.

Murray ne ya katse su, yana haki a kan matakala, da naɗin farin tef irin wanda ake ɗaure sandar wasa da shi. Da ya ga Delbert sai ya tsaya cak.

"Halkett."

"Kyaftin. Ka sayi haƙora, na gani."

"Masu tsada ma." Murray ya nuna wajen allon. "Ku sauko ku ga wani abu."

A ƙarƙashin 1987 an manna tef, an rubuta da baƙin alƙalami, manyan baƙaƙe: D. HALKETT. Mutane sun fara shigowa da rigunan ƙungiya, wasu na tsayawa suna karantawa.

"Ranar Litinin mai sassaƙa zai zo," in ji Murray. "Kwamiti na iya tsige ni in sun ga dama." Ya dubi ƙasa. "Ina kan benci ranar nan, Delbert. Ni ne kyaftin. Ban ce uffan ba."

"Na karanta, shafi huɗu." Delbert ya danna gefen tef ɗin da babban yatsa don ya kama sosai. "Ya karkace."

"Hannuna ne ke rawa."

"Dama can haka yake. Shi ya sa tara."

Murray ya fashe da dariya har ya share ido, ya ruga wurin masu tsaron ƙofa.

Kafin ƙarfe biyu filin ya cika maƙil. An shimfiɗa jar darduma a kan ƙanƙara tun daga ƙofa har tsakiya. Verna na tsaye a bakinta, baƙin faifan roba a hannu ɗaya, ɗayan saƙale da na Delbert, don ta ce idan ba shi zai riƙe ta ba, babu inda za ta je. Mai lasifika yana ta jero tarihi, rufin da ya rushe, gonar alkama.

"Akwai wata magana," Delbert ya ce ƙasa-ƙasa. "Autana, Wesley, shekararsa sha shida. Kocin Millers ya zo har tafki ya gan shi, suna son shi a watan Satumba. Uwarsa ta ce a'a. Ni na ce sai dai idan a gidanki zai zauna."

"Delbert, shekarata saba'in da shida. Tun rasuwar Orest na daina karɓar yara. Matakalar ɗakin ƙasa ma ba na iya sauka."

"Na sani. Murray ya faɗa mini. Na dai ce zan tambaya."

"Garin ya canza sosai. Akwai gidaje masu kirki."

"Wataƙila. Ni garin ban san shi ba. Gidanki na sani."

Mai lasifika ya kira sunanta, sannan ya ɗan tsaya kamar mai duba takarda, ya kira na Delbert Halkett, mai riga lamba goma sha huɗu, 1987. Tafi ya fara daga benci, inda yaran bana ke buga sandunansu a jikin katanga, ya hau layi-layi har sama. Ba kowa ne ya miƙe ba, amma da yawa sun miƙe.

Suka fara takawa a kan dardumar, taku gajere-gajere. Kyaftin biyu, na Millers da na baƙi, na jiransu a tsakiya, sanduna a ƙasa. Saura kaɗan su isa, Verna ta ja hannunsa ya sunkuyo.

"Yana cin albasa?"

"Wa?"

"Yaron."

Delbert ya dube ta. "Ko warinta ba ya so."

"To zai koya," ta ce. Suka ƙarasa tsakiya, ta miƙa hannu ta saki faifan.