Mai Biyar da Ashirin

Muna hawan gada fitilar baƙin mai ta motar ta kama ja, injin ya soma ƙara kamar ana buga guduma a cikin tukunya. Ni ke tuƙi. Baba Direba, maƙwabcinmu, yana kwance a kujerar baya, kansa a cinyar matarsa. Tun safe numfashinsa ke sarƙewa, shi ya sa muka nufi asibiti.

Ya buɗe ido da ƙyar. "Jiya da ka kai motar nan tawa juyen baƙin mai, wane mai aka zuba?"

Na ce mai juyen ya ce mai lamba ashirin da hamsin ɗin da aka saba sawa ya ƙare, sai ya zuba mai lamba biyar da ashirin, wai duk mai mai ne.

"Ɗana, wancan tsinkakke ne, na sabon inji," in ji shi. "Tsohon inji ya ci jiki. In ya yi zafi, sai mai kauri ke riƙe shi."

Shekara talatin yana aikin tasi da wannan motar, bai taɓa barin wani ya zaɓa mata mai ba sai da ciwo ya kwantar da shi. Ba mu kai ƙarshen gadar ba injin ya buga. Rana tsaka, ina ta ɗaga hannu, motoci na wucewa. Kafin wani mai akori-kura ya tsaya, Baba ya riga ya cika, matarsa ta rufe masa fuska da gefen mayafinta.

Likita ya ce ko da mun iso da wuri, ba lallai ne ya tashi ba. Na ji shi, amma ban ɗauka ba.

Bayan mun binne shi na sa aka jawo motar, na ajiye ta daidai bakin shagon mai juyen, na ɗaga murfin injin, na samu benci na zauna. Duk direban da ya karyo kai zai shiga, sai in zaro sandar gwada mai in shafa masa man a yatsa, in ce ya murza ya ji, sannan in faɗa masa wanda ya mutu a kujerar baya. Yawancinsu juya motarsu kawai suke yi.

Mai juyen ya zage ni, daga baya ya turo dattawa. A rana ta tara ya zo da kansa ya durƙusa.

"Ka yi wa Allah, ina da iyali."

"Shi ma yana da su," na ce.

Matar Baba ta aiko a ce mini ita ta yafe. Na ce a gaishe ta, na koma bencina. Sai da na ga an sa wa shagon kwaɗo, an sauke allonsa, tukuna na tashi.

Da zan kulle motar na leƙa baya. Takalminsa ƙafa ɗaya yana ƙarƙashin kujera, dunduniyar ta cinye ta gefe guda.